Moto ko kwanon ɗakin Inna? Ku ba ni shawara don Allah

Ɗan Gidar:

Assalamu alaikum mutanen gidan nan, jam na? Kwana biyu kun ji ni shiru, lafiya lau nake, aiki ne ya sha min kai, ga batirin wayata ya kumbura kamar makala sai da na canza shi. Waɗanda suka san ni a nan sun tuna bara war haka ina ta yawo da takardar diflomata ta BTS cikin leda ina kukan rashin aiki, to alhamdulillahi yau wata 9 kenan ina wani magaza na kayan masarufi kusa da babbar kasuwar Garwa nan Kamaru. Ni ke riƙe littafi, in rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, in yi faktir, ranar da masu dako suka yi ƙaranci kuma har buhun shinkafa ina kamawa, maigida babu ruwansa da wani BTS, kuma gaskiya mutumin kirki ne, abincin rana daga gidansa ake kawo mana.

Albashina jaka 85, sefa dubu 85 kenan. A can gida in aka ji jaka 85 sai a ɗauka ni da gwamna muke cin tuwo, to ga yadda take tafiya. Ɗaki a Jambutu jaka 15, wuta da ruwa muna haɗawa da sauran 'yan haya nawa kason kusan jaka 4, karin safe da na dare wajen jaka 21 a wata, kuma ba wani abin kirki nake ci ba, kunu da makala da safe wajen wata mata a bakin layinmu, da dare omlet da taliya wajen mai shayi, gasasshen kifin Binuwai sai dai in wuce in shaƙi ƙamshi, ranar da aka yi albashi ne kawai nake tsayawa. Data da kiredi jaka 4. Inna jaka 10. Adashi jaka 10. Sai babban ciwon, kuɗin hawa moto, wato babur. Zuwa 250 dawowa 250, in dare ya yi ko mai moton ya ga kana sauri ya ce 300, kana ce masa noy, wato nawa ne, yana kallon takalminka kafin ya yanka kuɗi, ga zuwa banki in maigida ya aike ni wani lokaci na manta ban karɓi na moto ba, ga gaisuwar rasuwa, ga ziyara ranar Lahadi, in na lissafa ba ya kasa jaka 17 a wata. Abin da ya rage shi ne na sabulu da aski da gudummawar biki, ranar 22 ga wata dai aljihu ya yi fayau.

Zafin Afrilu kuwa ba sai na ba ku labari ba, wanda ke Garwa ya sani. Ɗakina kwano ne tsirara babu silin, ƙarfe 10 na dare in ka taɓa bango kamar tanda, kuran, wato wutar lantarki, kuma a ɗauke, ana cewa ruwan dam ɗin Lagdo da ke ba mu wuta ya ja baya kamar yadda aka saba ji duk rani, fanka ta zama ado. Duk gidan a tsakar gida muke kwana, kowa da tabarmarsa, in jiƙa zani in lulluɓa kafin rabin awa ya bushe ƙarau, sauro kuma na nasa aikin.

To ga maganar da ta kawo ni. Ƙarshen watan nan ni ke ɗaukar adashi, mu 12 ne, jaka 120 kenan, ina da wata jaka 60 da na ɓoye daga goron Sallah da maigida ya ba mu da ɗan lissafin da nake yi wa wani mai shago da dare, duka 180. Tunda nake ban taɓa riƙe kuɗi nawa na kaina da suka kai haka ba. Wani abokin aikina ya haɗa ni da mai sayar da TVS ɗinsa, na hannu ne amma fes yake, ya ce 280, in ba shi 180 yanzu sauran 100 in riƙa biyan jaka 20 duk wata. Na riga na gama hawa moton nan a zuciyata wallahi, har na ga kaina ranar Lahadi na nufi kasuwar Fitowa da shi, kuma na ce da dare in ba wani yaro ya yi kilando, wato acaɓa, ya riƙa kawo min wani abu.

Shekaranjiya sai ƙanwata ta turo min bidiyo a WhatsApp, wai tun daminar bara ta ɗauka ba ta turo ba sai yanzu. Ɗakin Inna ne, ruwa na zuba, an jera roba uku da tukunya ɗaya a ƙasa, an naɗe katifa an ɗora kan akwati, Inna na zaune a lungu kan kujera 'yar tsugunno da carbinta tana cewa yarinyar ta daina ɗauka. Iska ce ta ɗaga kwanon gefe ɗaya aka danne da duwatsu da tsohuwar taya. Na kira ta ta ce wa ya ce a gaya maka, ba komai, ka ji da kanka. Kun dai san in uwa ta ce ba komai. Wani ya kiyasta min gyaran da kwano da katako da ƙusa da kuɗin kafinta zai kai 150, ga damina saura 'yan makonni.

Ni dai kaina ya kulle. In na sayi moto na huta da jaka 17 duk wata, daga baya in yi rufin a hankali, amma Inna ta sake cin wata damina da robobi. In na yi rufin kuma moto ya tafi, sai wata shekara in Allah ya kai mu. Wanda ya taɓa shiga irin wannan ya faɗa min gaskiya ko da ba daɗi.

Kilando Rumde Ajiya:

Wa alaikumus salam dan uwa. Ni sana'ata kenan shekara 7 ina kan moto a garin nan, kila ma na taba daukanka na ce maka 300 hhhh ka yafe.

Maganar Inna na bar wa manya, ni moto zan maka magana akai. Lissafinka akwai rami a ciki. Kace zaka huta da jaka 17, to moton ruwa zai sha? Mai a gidan mai 840 ne lita tun Fabrairun 2024, zuwa-zuwa kuma, wato man Najeriya da ake shigowa dashi ta bayan fage, arhar da muka sani da ta tafi tunda Tinubu ya cire tallafi a Mayun 2023, yanzu yau ya sauka gobe ya hau ya danganta da naira da yanda iyaka take. Kuma wanda ya samu moto kafarsa ta mutu, ko shagon bakin layi sai ya hau, ga abokai ara min minti biyar su dawo maka da tanki a bushe, kasa jaka 10 na mai a wata ko ka ki ko ka so. Ga juyen bakin mai, ga faci, ga sarka da sufaket, ga taya in ta cinye. Abinda zaka tsira dashi bai fi jaka 4 ko 5 ba, kuma kana biyan mutum jaka 20 har wata 5. Daga ina zata fito, daga na Inna ko daga na omlet?

Na biyu takardu. Kafin ka bada ko dala daya kace ya nuna maka kat giriz, takardar mallakar moton kenan, ka duba sunan dake jiki ka duba katin dan kasansa, ka tsuguna ka karanta lambar shasi da ta inji da idonka ka gwada da na takarda. In yace takardun na wajen yayansa a kauye ka tashi ka karkade wandonka. Motoci nawa ke tsallako iyaka ba a san asalinsu ba, ranar da aka tare ka a kontrol kai ne barawo ba wanda ya sayar maka ba. Ka tafi da makanike naka ba nasa ba, kuma kuje da sassafe inji na sanyi, moton da aka riga aka dumama kafin kazo akwai abinda ake boye maka, a tada shi gabanka ka kalli hayakin salansa. Ga asirans wato inshora ga fermi wato lasisin tuki duk kudi ne, in babu su kullum kana cikin roko a hanya ko ka tarar da moton a furiyer inda ake ajiye wadanda aka kama.

Na uku maganar bawa yaro da dare, dan Allah ka cire wannan a ranka. Zai kawo maka 1500 kwana uku, rana ta hudu yace babu kasuwa, ta biyar yace taya ta fashe, yana zuba masa man kwalba da aka sirka da kananzir yana daukan mutum uku da buhun gawayi, wata 4 inji ya fara tari. Kuma dare ne lokacin masu kwacen moto, mu da muke cikin abun ma akwai unguwannin da bama shiga bayan isha'i ko nawa za'a bamu. Kilando kuma ba haka kawai ake fita ba sai da rijista da riga mai lamba.

Bance kar ka sayi moto ba har abada, moto rufin asiri ne. Amma ba da bashi ba kuma ba wannan watan ba.

Malama Domayo:

Ƙanena sannu da ƙoƙari, Allah ya yi albarka. Na karanta har ƙarshe, wajen robobin nan sai da na ajiye wayar na ɗan yi shiru.

Ka yi rufin. Ba wai don a ce maka ɗan kirki ba, lissafi ne shi ma. Ɗakin ƙasa in ruwa ya samu kan bango ba ya tsayawa a ɗigo, cin bangon yake a hankali daga sama har ranar da za a yi ruwan dare ɗaya ya zauna gaba ɗaya, mu nan Arewa Mai Nisa mun ga abin da daminar 2024 ta yi, Yagwa har gada ta tafi, gidajen ƙasa kuwa ba a magana. Abin da za ka gyara da 150 bana, baɗi gini ne sabo za ka tayar, in ma Allah ya sa ba kowa a ciki lokacin da ya faɗi.

Amma ka ji inda nake so ka buɗe kunne. KAR KA TURA KUƊI. Na rubuta da manyan baƙaƙe don ni an yi min. Shekarar da na fara koyarwa, lokacin ma ba a fara biyana albashi ba ina ɗan karantarwa a wata makarantar kuɗi, na tara jaka 100 na tura wa wani ƙanen babanmu a gyara katangar gidanmu, da na je hutu katanga na nan yadda take, wai an yi haihuwa a gidan wane aka ara za a mayar, yau shekara nawa ko dala ban gani ba, kuma ba dama ka yi magana a ce boko ya ɓata ka. Ba mugunta ba ce, kuɗi ne in suka sauka a gidan da kowa ke da buƙata ba sa sanin sunan aikin da aka aiko su. Garinku Gidar ba nisa, kusan kilomita 100 ne daga Garwa, ka roƙi maigidanka Asabar ɗaya, ka je da kanka ka hau da kafinta ku duba, ka sayi kwanon da hannunka, ka tsaya a buga a gabanka. Wanda ya ce maka 150 ya hau rufin ne ko daga waya ya kiyasta? Sau da yawa ba duka ne ya lalace ba.

Sannan kai kaɗai Inna ta haifa? Ku 'yan fari da 'yan tsakiya masu aiki a birni kuna da wannan ciwon, kowa ya ɗauki kaya shi kaɗai yana nishi a ɓoye don kar a ce ya gaza. Ka tura bidiyon nan a gurup ɗin gidanku ba tare da ka ce komai ba ka ga wanda zai yi magana.

Batun jaka 17 na moto kuma, ni a ganina ba moto ne maganinsa ba, ɗakin ne ya yi nisa. In ka samu ɗaki ko na jaka 20 ne inda za ka taka da ƙafa zuwa kasuwa ka ci riba. Ni da na bar Palar na dawo kusa da makarantarmu abin da nake ba masu moto ya koma kuɗin cefane.

Wata tambaya da ba ka yi ba amma zan yi maka, maigidan naka ya yi maka rijistar CNPS, hukumar fansho da inshorar ma'aikata? Albashinka ya haura SMIG, wato mafi ƙarancin albashi, na jaka 60 da aka sa a 2023, wannan alhamdulillahi, amma wata 9 ba takarda ba komai, in buhu ya faɗo maka a baya fa? Kashi 4.2 ne ake cira a naka shi ma ya zuba nasa. Ka nemi ranar da yake cikin fara'a ka tambaya da ladabi.

Na Bakin Gada:

Salam. Ni daga Kusiri nake, kullum sai na tsallaka gadar Ngeli in je aiki Injamena wajen wani mai sayar da kayan waya, in dawo kafin a rufe da yamma, don haya a can ba ta taɓuwa, gara in kwana gida in sha wahalar hanya. Kuɗinmu ɗaya da su, sefa ce, amma jaka a can ba ta da nauyin jaka a nan, kilando kaɗai in ba ka iya Larabcinsu ba ka ji ana riyal kaza riyal kaza sai ka biya ninki kana godiya. Don haka kukan kuɗin moto na san shi sarai.

Abin da ni na yi, kar ku yi dariya, keke na saya. Na hannu, jaka 35, na sa masa sabuwar taya da kwando a gaba. Wata biyu ya mayar da kuɗinsa. Ba mai, ba asirans, ba mai tare ka ya ce kawo takarda, faci 100 ne. Da asuba ka fita kafin rana ta buɗe ido, riga ta aiki a cikin leda, in ka isa ka wanke fuska ka canza. Matsalarsa ɗaya ce, 'yan mata ba sa ganin mai keke, ko ka yi sallama sai su amsa wa mai moton da ke bayanka. In ba neman aure kake yanzu ba ka yi rufin Inna ka sayi keke da canjin.

Kilando Rumde Ajiya:

Keke daga Jambutu a watan Afrilu?? Na Bakin Gada kana so yaron mutane ya narke a hanya ne a kwashe shi a bokiti hhhhh

Na Bakin Gada:

Kai dai tsoro kake kar ku rasa fasinja. Injamena ta fi Garwa sanyi ne?

Kawu Ngaundare:

Yaro, na ga duk sun gaya maka abin da ya kamata, ɗaya zan ƙara. Ni na yi shekaru ina aikin lodi a tashar jirgin ƙasa a nan, na ga samari da yawa da suka fara riƙe kuɗi, abin da ya fi karya su ba rashin samu ba ne, biyan wata-wata ne. Mai moton nan yau yana maka dariya, ranar da wata ya ƙare maigidanka ya yi tafiya albashi ya yi jinkirin sati ɗaya za ka ga wata fuskar, kuma abokin aikinka da ya haɗa ku shi zai shiga tsakani, ka rasa moto ka rasa aboki. Ga babbar Sallah tafe, za a sa maka ido a gida ko ba ka yi layya ba.

In ka je Gidar kar ka ce wa mahaifiyarka ka fasa sayen wani abu saboda ita, ba za ta ji daɗi ba, har ta iya hana aikin. Ka ce mata kawai ka samu kwano da arha. Kuma ka bar yarinyar nan da ta turo bidiyo, kar a yi mata faɗa.

Ɗan Gidar:

Useko jama'a, na gode ƙwarai, Kawu na gode, Yaya Malama Allah ya saka. Na bari sai da na je na dawo kafin in amsa.

Moton dai na je gani da makanike kamar yadda Kilando ya ce, ƙarfe 6 da rabi muka buga masa ƙofa. Injin lafiya lau, makaniken ma ya yaba, amma sunan da ke kan kat giriz ba nasa ba ne, ya ce na wanda ya sayar masa ne kuma mutumin ya koma Tuboro, lambar wayarsa ma ta ɓace. Ban ce na sata ne ba, Allah ya sani, amma na karkaɗe wandona. Abokin aikin nawa kwana biyu yana min gaisuwar ciki-ciki, ya huce dai yanzu.

Asabar na shiga mota na je gida. Yaya gaskiyarki, da muka hau da kafinta gefe ɗaya ne kawai ya tafi, kwano 8 da katako 3 da gara ta cinye, sauran ƙusa ce ta saki. Duka da kuɗin aiki da buhun siminti ɗaya da aka shafe kan bangon ya tsaya 78. Na faɗi abin da Kawu ya ce in faɗa, Inna ta kalle ni ta ce arha a ina, a wannan zamanin? sai ta yi dariya ta shiga ɗora min miyar tasba. Tayar nan da duwatsun da aka sauko da su ta hana a zubar, wai za su yi amfani.

Bidiyon na sa a gurup ɗin gida. Yayanmu da ke Birkitiri a Yawunde ya turo saƙon murya na minti 4 yana faɗan me ya sa ba a gaya masa ba tun bara, ya ce zai turo jaka 30 ta Orange Money ranar Litinin. Yau Alhamis.

CNPS ban tambaya ba tukuna, maigida kwanan nan kaya sun maƙale masa a hanyar Ngaundare ransa a ɓace yake, ina jira.

Yanzu saura 95 a hannuna bayan kuɗin mota da ɗan abin da na raba. Keke ina tunani, amma ɗakin na fi so in fara nema. Wanda ya san ɗaki a Yelwa ko Lofere ko Fulɓere, ko da 20 ne in dai akwai famfo a gidan kuma ba a neman wata 6 gaba ɗaya, ya taɓa ni ta inbos don Allah. In da silin ma har tukuici zan bayar. Bari in tsaya nan an sake ɗauke wuta, waya saura kashi 9.